Amsa ga Ƙanena Mai Son Karatun Tsohon Tafsirin Littafi Mai Tsarki a Ingila

Ƙanena, saƙonka ya iso ni, kuma kai ne na uku a bana da ya aiko mini da irin wannan buƙata. Ka ce ka gama digirin farko a ilimin tauhidi, ka yi Helenanci da ɗan Ibrananci, kana so ka zo Ingila ka zurfafa a kan yadda malaman Kirista na Turai suka yi wa Littafi Mai Tsarki sharhi daga ƙarni na 6 zuwa na 9, in kuma haɗa ka da malamin da zai duba aikinka. A duk tsawon saƙon ban ga inda ka ambaci Latin ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Mutanen da kake son nazari da Latin suka yi karatu, da shi suka yi addu'a, da shi suka yi rubutu, kuma nassin da ke gabansu galibi fassarar Latin ce ta Jerom, malamin Kirista da ya rasu a shekarar 420. Ka ɗauki Bede, ɗan zuhudun gidan ibada na Jarrow a arewa maso gabashin Ingila, wanda ya rasu a 735. Sharhinsa na Bisharar Luka saƙa ce daga maganganun manyan malaman Kirista na farko, wato Agustin da Ambros da Jerom da Giregori Babba, har ya riƙa sa haruffan sunayensu a gefen shafi, ya roƙi masu kwafa kada su yar da su. Aikinka shi ne ka gano inda ya ɗauko, inda ya rage, da inda ya sauya kalma ɗaya don ma'ana ta karkata zuwa abin da yake nufi. Wanda ya dogara ga fassarar Turanci ba zai taɓa ganin wannan ba. Na shafe shekara biyu ina kwana da nahawun Latin bayan na dawo daga aikin dare, sannan na koyi karanta tsohon rubutun hannu a kan fata, mai cike da gajerce-gajercen kalmomi, sannan aka ce sai na iya Jamusanci da Faransanci, domin manyan binciken fagen da yawa a cikinsu aka rubuta.

Akwai abin da har yau yake yi mini ciwo. A watannina na farko wani malami ya kira ni ofishinsa, cikin fara'a ya ba ni shawara in bar Bede in yi rubutu a kan majami'un Afirka na yau, wai a nan ne muryata za ta fi amfani. Bai taɓa gaya wa ɗalibai Turawa su tsaya a kan garuruwansu ba. Na tuna masa cewa Agustin, wanda Bede ya jingina da shi ƙwarai, bishop ne a Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake yanzu. Na ƙi sauya batu, na gama, kuma ina alfahari da hakan. Abin da ya taimake ni ma daga gida na zo da shi: duk wanda ya ga yadda ake karatun zaure, malam yana ɗaukar matani layi-layi, ana bin sharhi da hashiya a gefe, ba zai ga baƙon abu a littattafan nan ba. Za a yi maka irin wannan tayin, sai ka zo da amsarka.

Batun kuɗi ba zan sassauta maka ba. Kada ka sayar da gonar gado don wannan karatu. Bizar ɗalibi awa 20 kawai take ba ka ka yi aiki a mako lokacin zangon karatu, akwai kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya tun kafin a shigo, kuma tun Janairun 2024 mai karatun digiri na biyu na aji, wanda ba na bincike ba, ba ya iya tahowa da iyalinsa. In ba ka samu tallafin da ya ɗauke kuɗin makaranta da na zama ba, ka dakata. Bayan an gama ma, guraben koyarwa a wannan fanni kaɗan ne ƙwarai. Ni kaina kwantiragin wucin gadi na yi ta bi daga gari zuwa gari kafin na zauna.

Ba zan rubuta wa kowa a kanka yanzu ba, domin sunana ne zai tafi tare da naka. Ka nemi littafin nahawun Latin ka fara, ka riƙa karanta Bisharar Markus a fassarar Jerom kana gwadawa da Helenancin da ka riga ka iya. Bayan wata shida ka aiko mini da shafi ɗaya na sharhin Bede wanda ka fassara da kanka zuwa Hausa, in duba, sannan mu yi maganar malami. Ka gaida Baba da Inna.