Amsa ga Hajiyar da ɗanta zai tafi karatu Kazan

Hajiya, na ga tambayarki cewa ɗanki ya samu gurbin karatun likita a Kazan, kuma 'yan uwa suna tsorata ki wai Rasha ƙasar da ba a sallah ce, sanyi kuma kashe mutum yake. A can na yi karatuna, bari in faɗa miki abin da na gani.

Masu wannan magana Mosko kawai suke hangowa. Faɗin Rasha ya haura murabba'in kilomita miliyan 17, ya ninka Najeriya wajen sau 18, kuma ƙabilunta sun fi ɗari. Kazan tana bakin kogin Bolga, kimanin kilomita 800 gabas da Mosko, jirgin ƙasa kwana guda yake yi a hanya. Ita ce babban birnin Tatarstan, Tatarawa kuwa akasarinsu Musulmi ne. Musulunci ba baƙo ba ne a wajen. Tun shekarar 922 sarkin Bulgar na bakin Bolga ya karɓi tawagar Halifa Muƙtadir daga Bagadaza, wadda matafiyi kuma marubuci Ibn Fadlan yake ciki. A 1552 sarkin Mosko Iban na Huɗu ya ci Kazan da yaƙi, aka rushe masallatai, sai zamanin Sarauniya Katarina aka sake ba su izinin gini. Masallacin Marjani na wancan lokacin ne, har yau ana sallah a ciki. Masallacin Ƙul Sharif kuma, wanda aka buɗe a 2005, yana cikin tsohuwar ganuwar fada, coci na kusa da shi, ba mai tsangwamar wani.

Abinci ma ba zai wahala ba. Akwai shagunan naman halal, sai dai a babban kanti ya riƙa duba tambari, don naman alade ya yi yawa a kayan gwangwani da tsiren leda. Ya nemi ecfocmak, wani burodi mai kusurwa uku da ake cusa wa nama da dankalin Turawa da albasa. Da shi da shayi muka rayu lokacin jarrabawa.

Abin da ya fi ba ni wuya rana ce. A watan Disamba ƙarfe uku da 'yan mintuna magariba ta yi, azahar da la'asar suna bin juna kana cikin aji. A Yuni kuwa ƙarfe uku na dare gari ya waye tas. In azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, kafin ka gama buɗa baki sahur ya zo. Ya bi jadawalin masallacin unguwarsu, kar ya dogara da manhajar waya, lissafinta kan rikice a can.

Sanyi gaskiya ne, yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili a ma'auni, amma cikin gida da ɗumi har ka cire riga. Kar ki ɓata kuɗi kan rigunan sanyi a nan, ba za su yi masa komai ba. Ya saya can, takalmi mai gashi a ciki da hula su ne kan gaba. In ya fita ba hula, tsohuwar da ba ta san shi ba za ta tare shi a tashar mota ta yi masa faɗa kamar jikanta.

Ki gaya masa Rashawa ba sa murmushi ga wanda ba su sani ba, kar ya ɗauka ƙiyayya ce, kodayake ba a rasa marasa kirki, ya guji yawon dare shi kaɗai. In an gayyace shi gida ya cire takalmi a bakin ƙofa, kar ya miƙa hannu ta kan dokin ƙofa, kar kuma ya je hannu rabbana. Sannan ya dage da koyon Rashanci tun shekarar farko, ko da darasinsa da Turanci ne, domin majinyatan da zai duba a asibiti da harshensu za su yi masa bayani.