Amsa ga 'yar'uwar da aka kwantar da maigidanta da ciwon suga

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce ƙurji a ƙafa da zazzaɓi ne suka kai shi asibiti, aka tarar suga ya haura 400, yanzu ana yi masa allurar insulin mai sauke suga, kina tsoron ko shi ke nan allura har abada. Wallahi da na karanta sai da idona ya cika, haka muka sha da Mama.

Ki kwantar da hankalinki kan allurar. Ciwo da zazzaɓi da kansu suna ɗaga suga, kuma insulin ce likita ya fi iya ƙarawa ko ragewa a kan lokaci. Da yawa ana mayar da su kan ƙwaya irin metformin idan ƙoda lafiya take, Mama ma a kan ƙwaya aka sallame ta. Ki roƙi likita a yi gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda sugan yake tun wajen wata 3 baya.

Ni abin da ban taɓa mantawa ba shi ne daren da sugan ya faɗi. Nas ta yi wa Mama allura kafin magariba, abinci kuwa yana hanya, cunkoson motoci a unguwar Kawo ya riƙe ƙanena. Sai gumi ya rufe ta, hannu na rawa, tana kiran sunan mahaifinmu da ya rasu. Na ruga wurin nas ɗin, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in jira, ba mu kaɗai ba ne a ɗakin. Na koma, na dawo, ta ce ina damun ta. Wata baiwar Allah mai jinya a gadon gefe ce ta miƙo lemon kwalba. Da aka auna, ya sauka ƙasa da 70. Har yau in na tuna fuskar nas ɗin nan zuciyata tafasa take yi.

Don Allah kar ki bari a yi masa allurar da ake yi kafin cin abinci sai kwano yana gabanki. Ki ajiye sukari ko lemo kusa. In ya fara rawa da gumi, a ba shi rabin kofi na lemon, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma, kar a ɗura masa komai a baki, a kira likita.

Masu zuwa dubiya kuma, su ne wata fitinar. Wannan ta zo da jiƙo, waccan da kunu mai sukari. Ki karɓa ki ajiye, kar ya sha. Tuwo ki rage masa, ki ƙara wake da zogale da miyar ganye.

Kafin a sallame ku, ki sa su nuna miki yadda ake auna suga a gida da yadda za ki riƙa wanke ƙafar nan, kuma kar ya ƙara yawo ba takalmi.