Katin rigakafin ɗana ya ɓata a gudun hijira

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Inna. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto miki. Mun baro Sinja a daminar 2024 ɗana yana da wata biyu, katinsa na rigakafi kuma ya tsaya a can tare da kayanmu. An yi masa allurar ranar haihuwa da ta sati shida, daga nan bai ƙara samu ba. Yanzu watansa goma. Surukata ta ce lokaci ya wuce, maƙwabciyata kuma ta ce sai dai a sake daga farko. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da wahala, Allah Ya mayar da ku gida lafiya. Lokaci bai wuce ba, kuma ba a sakewa daga farko. Jikin yaro ba ya manta allurar da ya karɓa, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Gobe da safe ki goya shi zuwa markaz, wato cibiyar lafiya, mafi kusa, ki faɗa wa ma'aikaciya abin da kika faɗa mini. Ki nuna mata ɗan tabon nan na hannunsa in ya fito, shi ne shaidar allurar tarin fuka. Za ta buɗe masa sabon kati. Ta sati shidan nan ita ce mai haɗe da kariya biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Sau uku ake yin ta, a sati 6 da 10 da 14, saboda haka saura biyu, da tazarar aƙalla sati huɗu a tsakani. Haka ma ɗigon shan inna.

Amma wadda ta fi damuna ita ce ta ƙyanda. A wata tara ake yin ta farko, ta biyu a wata 18, ɗanki kuwa ya riga ya haura tara. Ku da kuke zaune a cunkushe, iyali uku ko huɗu a gida ɗaya, ba ku da sararin jira. Mai ƙyanda in ya yi tari ya fita, ƙwayar tana iya zama a iskar ɗakin har awa biyu. Na taɓa riƙe wata yarinya 'yar wata goma sha ɗaya, idanunta jajir sun manne da kwantsa, bakinta duk gyambo, uwar tana tura mata nono tana kau da kai. Har yau ban manta kukan uwar ba. Kada ki bari mura ko ɗan gudawa su hana ki zuwa, ana yin allura a haka.

Ki kuma tambayi ta zazzaɓin cizon sauro. A Nuwamban 2024 aka fara ba da ita a jihohin Gadarif da Nilu Shuɗi, sau huɗu ake yi, daga wata biyar. Ba ta maye gurbin gidan sauro ba, ki ci gaba da kwantar da shi a ciki.

In jikinsa ya yi ɗumi ko cinyar ta ɗan kumbura, ki yawaita ba shi nono, kwana ɗaya zuwa biyu zai wuce. In ya ƙi shan nono ko ya fara jijjiga, ki koma da shi nan take. Surukarki kuwa, ki roƙe ta ta raka ki ta ji da kunnenta. Sabon katin, ki ɗauki hotonsa a waya, ki tura wa mahaifinsa ma ya ajiye.