Amsar tambaya kan filin shingaye

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwan da ya tambaya me ake nufi da obstacle course, na ga wani ya ce masa tseren tsallake ne na 'yan guje-guje. A'a, ba shi ba ne, don Allah a daina haɗa su. Wancan abu ɗaya kake ta tsallakewa har ƙarshe. Wannan kuwa hanya ce aka jera mata shingaye iri-iri: ka hau katanga, ka yi rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya, ka taka gungume, ka tsallake rami, ka hau igiya, agogo na lissafa maka. A gasar sojojin duniya mai wasanni biyar, tsawon filin mita 500 ne, shingaye 20. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Georges Hébert, tsarin horonsa ne ya yaɗa abin a farkon ƙarni na 20. A maganar yau da kullum kuma, in aikin takardu ya zama daga wannan tebur sai wancan, shi ma haka Turawa ke kiransa.

To amma ni na san inda tambayarka ta dosa, shiga za ka yi. Igiyar nan ita ke kayar da mutane. Kowa sai ya kama ja da hannu, kafin rabi damtse ya mutu. Ƙafa ce ke hawa, malam! Ka ɗaga gwiwa, ka zagayo igiyar ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ka danne ta da ɗayar, ka miƙe tsaye a kanta, sannan hannu ya matsa sama. Saukowa kuma hannu bayan hannu. Ka sulalo, fatar tafinka ta tafi. Sau nawa za a faɗa? Har masu koyarwa wasu sai ihu, “ja, ja”, ja da me?

Rarrafe kuwa... bar shi, wannan wayar da kanta za ta koya maka sauke ƙugu. Dirowa daga katanga ce abin tsoro: ƙafa biyu tare, gwiwa a lanƙwashe, kada ka dira kan dunduniya, nan targaɗe yake. In kuma ku ne masu shirya filin, a zuba yashi mai kauri wurin dira, kuma kada a jera shingayen reto biyu a jere, hannun da ya gaji ba ya riƙo, balle an fito daga taɓo.