Dasashina ya janye, wane irin ciko zan zaɓa?

Tambaya: Bayan an wanke min haƙora a asibiti, kumburin dasashi ya sauka, sai ga wasu ramuka baƙaƙe tsakanin haƙorana na gaba, can ta gindi. Ba wushirya ba ce. Abinci yana maƙalewa, dariya ma sai na rufe baki. An ce ko a cike, ko a liƙa min ɓawon tangaran. Wanne ya fi? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Malama, kada ki ga laifin wankin. Ciwon dasashi ne ya cinye ƙashin da ke tallafe naman, kumburi kuma ya rufa asiri. Don haka a fara da hoton ƙashi. Binciken likitan haƙori Dennis Tarnow na 1992 ya nuna cewa idan tsakanin inda haƙora biyu suka haɗu da saman ƙashi bai wuce milimita 5 ba, nama kan cike gurbin kusan kullum. A milimita 6 sai wajen rabi, a 7 kuwa kusan ɗaya bisa huɗu. Idan naki ya wuce haka, kada ki jira nama ya tofo.

Mu dai farin ciko, wato komfozit, muke fifitawa. Likita zai faɗaɗa gefen kowane haƙori da shi har mahaɗarsu ta sauko kusa da dasashi, a zama ɗaya, galibi ba a kankare komai. Yakan yi shekara 5 zuwa 7. Aibinsa biyu: goro, shayi da taba suna rina shi, kuma idan ba a goge gefensa ya yi sumul ba, datti zai taru ciwon ya dawo. In ramin babba ne, haƙoran sukan fito da faɗi fiye da kima.

Tangaran ya fi kyau da daɗewa, yakan wuce shekara 10, amma sai an kankare wajen rabin milimita na lafiyayyen haƙori, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ga tsada. Don ƙananan ramuka kawai, bai kai ba.

Idan naman ya janye a haƙora da yawa, akwai dasashin roba mai launin nama da ake aunawa a bakinki. Ana cire shi da dare a wanke. Mai laushin yakan dafe da wuri. Allurar cika nama kuwa ƙaramin gurbi take taimaka wa, kuma sai an maimaita.

Ko wanne za ki yi, ki bari a yi sati 6 zuwa 8 bayan wankin, jini ya daina fita tukuna. Kafin nan ki ajiye tsinken sakace, ki sayi ɗan siririn buroshin tsakanin haƙora daidai girman ramin.