Malam, kada ka fara da sayen shok

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce Corolla ɗinka ƙirar 2006 tana yin ƙwal-ƙwal a gaba duk lokacin da ka hau tudun rage gudu ko ka faɗa rami, amma a kan kwalta mai santsi shiru kake ji, kuma bakanike ya ce ka kawo kuɗin shok biyu. Don Allah ka dakata tukuna. Irin motar nake hawa shekara takwas, kullum daga Rijiyar Lemo zuwa Sharaɗa, kuma wannan ƙarar ta taɓa cin kuɗina a banza.

A daminar da abin ya same ni, wani bakanike ya danna gaban motar sau biyu da hannu ya ce shok ne. Na sayo, aka ɗaura, ban kai bakin titi ba ƙarar ta dawo yadda take. Sai wani dattijon bakanike ya shiga ƙarƙashi, ya kwance linkeji, wato ɗan siririn ƙarfen nan da ya haɗa shok da sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, ya ɗaure shi gefe da waya, ya ce mu zaga. Muka bi gargada, tsit. Ashe abin da ya lalace bai kai rubu'in kuɗin shok ɗaya ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don kuɗin makarantar yara na taɓa.

Kafin ka je gareji, ka kwashe komai daga but: jak, sifana, safaya taya in ba a ɗaure take da kyau ba. Ka leƙa robobin da suka rataye salansa. Sannan ka samu layi mai ramuka a unguwarku, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka tafi a hankali kana saurare. Ƙara ƙanana a jere kamar ana kaɗa gwangwani, musamman in taya ɗaya ce ta faɗa rami, galibi linkeji ne ko robobin waccan sandar. In kuwa gum ce mai nauyi sau ɗaya, kuma kana jin ta in ka taka birki ko ka tashi da mota, ka zargi bushin na lowa am, wato robobin hannun ƙarfen nan da ke riƙe ƙafar mota ta ƙasa. Wadda ke fitowa daga sama kusa da gilashi, har in kana juya sitiyari a tsaye, mazaunin kan shok ne. Ƙas-ƙas-ƙas a kwana kawai kuwa shaf ne, wato sandar da ke juya taya, ba ya cikin wannan magana.

A gareji kada ka zauna a benci kana danna waya. Ka tsaya a ɗaga motar a sa mata madogari mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙasa jak kaɗai na riƙe da ita. A kama taya dama da hagu a girgiza: in tana wasa, tayarod ne, wato ƙarfen da ya haɗa sitiyari da taya, ko cikin sitiyari. A kama sama da ƙasa: in tana wasa, boljoyin ne, wato gaɓar da ta haɗa lowa am da ƙafar mota, ko boris. A sa ƙarfe a ɗan banƙara lowa am, idonka a kan robar, za ka ga tsagewar in akwai. Shi kuwa shok, in ya mutu yana da shaidarsa: mai ya jiƙe jikinsa ƙura ta manne, mota tana ta lilo bayan ta sauka daga tudu, taya tana cinyewa gurbi-gurbi. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka ce wa bakaniken ya nuna maka dalilinsa.

Abu ɗaya ne ba na yarda a ɗaga masa ƙafa, boljoyin. Linkeji zai dame ka da surutu ne kawai, amma boljoyin shi ya riƙe ƙafar mota. 'Yar robar da ta lulluɓe shi ce take fara yagewa, giris ya fita, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga su cinye ƙarfen. Ranar da ya fice, taya sai ta kwanta ciki. Kowa ya sha ganin mota ta durƙusa a tsakiyar titi ƙafa ɗaya a karkace, to yawanci shi ne. In a Titin Zariya ne kana gudu da iyali, sai dai Allah ya kiyaye. Masu Accord ta 2003 zuwa 2007 su fi kowa kula, don a wannan ƙirar nauyin mota yana kan boljoyin na ƙasa, kuma tana da wani hannun a sama da shi ma yake ƙara.

Kan sayen kaya, ka tafi Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu don a gwada. Ni lowa am da shok nakan ɗauki na Baljiyam, wato na hannu, in na duba sun yi min, amma duk abin da yake roba sabo nake nema, don roba ko ba a yi aiki da ita ba tana bushewa. Shok da linkeji a canza dama da hagu tare. Kuma ka lura da wannan, kanikawa da yawa ba sa yi: kusoshin bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye, sai nauyinta ya sauka a kan ƙafafunta, in ba haka ba robar tana murɗe, ba za ta daɗe ba ta tsage. In an taɓa tayarod ko lowa am, ka wuce wajen alaimen a saita tayoyi a ranar.

Yadda ka kwatanta ƙarar taka, zuciyata ta fi karkata ga linkeji. A kwance shi a gwada gobe da safe, ka dawo ka faɗa mana abin da ka ji. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi.