Ku Tambaya Mu Amsa: Wai karatun gudanar da wasanni zai mai da ni ɗan kasuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne ɗan shekara 19, na gama sakandare kuma na samu gurbi a kwas biyu, ɗaya na kasuwanci zalla ɗayan kuma na gudanar da harkokin wasanni, kuma maganar gaskiya zuciyata na kan na biyun don tun ina yaro ƙwallo ce rayuwata duk da dai ƙafar ba ta kai in zama ɗan wasa ba. Matsalar ita ce Baba ya ce shi kam ba zai biya kuɗi in je in karanta wasa ba, wai me zan ci da shi. Ni kuma burina in wayi gari ina da kamfanin kaina, ba lallai sai a ƙwallo ba. Don Allah wannan kwas ɗin zai kai ni can ko ɓata lokaci ne? Na gode.

Daga wani ɗalibi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Baba ya yi kuskure a wuri ɗaya, amma yana da gaskiya a wani wurin, kuma gaskiyar tasa ta fi yadda kake zato nauyi. Bari mu fara da kuskuren tunda shi za ka fi son ji.

Wannan kwas ba guje-guje ba ne a fili, ba kuma horar da koci ba ne. Kasuwanci ne aka sa wa rigar 'yan wasa. Asalinsa ma daga kukan wani mai kulob ya samo, Walter O'Malley mai ƙungiyar Dodgers ta wasan besbol a Amurka, wanda a shekarun 1950 ya koka cewa babu makarantar da ke yaye mutanen da za su iya riƙe filin wasa, su tsara kwantiragi, su sayar da tikiti. Malamin da ya ji kukan, James Mason, shi ya buɗe karatun digiri na biyu a wannan fanni a Jami'ar Ohio a 1966. Ka ga tun ran gini ran zane, ma'aikatan ofis aka so a samar.

Kuma kuɗin da ke yawo a harkar ba na wasa ba ne. Babban kulob ta ƙofa uku kuɗi ke shigo masa: abin da 'yan kallo suka biya ranar wasa, kuɗin nuna wasa a talabijin, sai kuma talla da kamfanonin da ke sa sunansu a riga da sayar da kaya masu tambarin kulob. Da aka kafa gasar Firimiya a Ingila a 1992, yarjejeniyar talabijin ta farko fam miliyan 304 ce na shekara 5. Ta 2016 zuwa 2019 kuwa ta haura fam biliyan 5 na shekara 3 kacal, a cikin Birtaniya kaɗai fa, ba a sa na sauran duniya ba. Ba 'yan wasa ne suka zauna suka yi wannan cinikin ba.

Akwai abubuwan da wannan karatu zai koya maka da za su bi ka duk inda ka je. Wanda na fi so shi ne darasin kujera. Kujerar filin wasa in ba a sayar da ita ba har aka busa tashi, to kuɗinta na wannan ranar ya tafi kenan har abada, ba kamar buhun siminti ba ne da za ka ajiye a sito ka sayar gobe, kuma haka kujerar jirgin sama take, haka ɗakin otal yake, shi ya sa wanda ya iya tsara farashin tikiti, ya san lokacin da zai ɗaga da lokacin da zai sauke da yadda zai sa mutum ya biya na kakar wasa gaba ɗaya tun kafin a taɓa ƙwallo, zai iya zama a kamfanin jiragen sama ko na otal ba tare da ya ji baƙunta ba. Ferran Soriano ya riƙe harkar kuɗin Barcelona daga 2003 zuwa 2008, ya koma shugabancin kamfanin jiragen Spanair, a 2012 kuma ya zama shugaban gudanarwar Manchester City. (Kamfanin jiragen dai durƙushewa ya yi a farkon 2012 ɗin, kar ka ce na ɓoye maka.)

Sai lissafi. In kulob ya sayi ɗan wasa miliyan 50 da kwantiragin shekara 5, a littafin akanta ba a rubuta 50 lokaci ɗaya, 10 ake rubutawa duk shekara, daidai yadda masana'anta ke yi wa sabon inji. Da wasu ƙungiyoyi suka fara ba 'yan wasa kwantiragin shekara 7 ko 8 don nauyin kowace shekara ya ragu, sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta taka musu birki a 2023 ta ce lissafin kar ya wuce shekara 5. Yaron da zai yi gyangyaɗi in aka ce masa inji, da an ce ɗan wasan gaba sai ya gyara zama. Wannan kaɗai ba ƙaramin amfani ba ne.

Amma ka kula, akwai darasin da in ka ɗauko shi daga ƙwallo ka kai kasuwa zai kashe ka. Magoyin baya ba ya canza kulob. A ci su wasa goma a jere, zai yi zagi ya yi rantsuwa ya daina kallo, ran Asabar kuma ka same shi a gaban talabijin. Kwastoman kamfaninka ba haka yake ba, sau ɗaya ka ɓata masa ya koma wajen maƙwabcinka ko sallama babu.

To yanzu gaskiyar Baba. Duba manyan da suka juya wannan harka ka ga me suka karanta. Mark McCormack da ya kafa kamfanin wakilcin 'yan wasa na IMG a 1960 ya fara da wakilcin ɗan wasan golf Arnold Palmer, lauya ne. Adam Silver da ke shugabantar gasar kwando ta NBA tun 2014, lauya ne. Ed Woodward da ya riƙe ragamar Manchester United daga 2013 zuwa 2022 Fiziks ya karanta, ya zama akanta, ya yi aikin banki, ra'ayin magoya baya a kansa kuma wannan wani zancen ne. Peter Ueberroth da ya shirya gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984 aka tashi da rarar sama da dala miliyan 200 mai kamfanin tafiye-tafiye ne, kuma ya yi hakan ne bayan birnin Montreal na Kanada ya ciyo bashi a gasar 1976 da sai a 2006 aka gama biya. Abin da nake so ka gani shi ne ƙofar ta fi buɗuwa ta gefe ɗaya. Akanta ko lauya na shiga wasanni cikin sauƙi, amma mai takardar wasanni in ya je neman aiki a banki sai ya ɓata rabin intabiyu yana bayanin cewa shi ma fa ya yi lissafi.

Ga kuma yawan masu nema. Kowa na son ya yi aiki a kulob, guraben kuma kaɗan ne, saboda haka albashin farko ba ya da kauri, kuma aikin farko sau da yawa waya ce za ka yini kana bugawa kana roƙon mutane su sabunta tikitinsu. Ranar wasa ma da kake mafarki, kai kana bakin ƙofa ko ofis, ihun cin ƙwallo kawai za ka jiyo. Son abin ma kansa yana iya rufe ido. Leeds ta kai wasan kusa da ƙarshe a gasar Zakarun Turai a 2001, aka ciwo bashi bisa kuɗin da ake sa ran samu nan gaba, sakamako ya juya, a 2004 ta faɗo daga Firimiya, ta shekara 16 kafin ta dawo.

Abin da zan ce ka yi, ka nemo jerin darussan kwas ɗin daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, ba takardar talla mai hoton filin wasa ba, ainihin jadawalin. Ka ɗau biro ka ƙirga. Akanta nawa ne, harkar kuɗi, dokar kwantiragi, dabarun talla, tattalin arziki, ƙididdiga? In waɗannan su ne gangar jikin karatun, wasanni kuma misalai ne da ake kawowa a aji, to digirin kasuwanci ne da wani suna. In kuwa ka ga tarihin wasanni da motsa jiki da kula da rauni sun cinye jadawalin, akanta guda ɗaya tal a shekarar farko, karatu ne mai kyau ga wanda yake so amma ba hanyar da ka ce za ka ba ce. Ka duba ma wace tsangaya ce ke riƙe da shi, ta kasuwanci ko ta ilimin motsa jiki, sannan ka tambaya ko suna tura ɗalibai koyon aiki kuma ina suke tura su, don a wannan harka wanda ya ga aikinka da idonsa shi ke kiranka.

Ni dai in ka tambaye ni, kalma ɗaya a wasiƙarka ta sa na karkata: ka ce ba lallai sai a ƙwallo ba. Tunda haka ne na fi son ka yi kasuwancin ko akanta, ka riƙa aikin sa kai a duk gasar da aka shirya a makaranta, in bayan ka gama har yanzu zuciyar na can sai ka ɗora digiri na biyu a wasanni. Akwai irinsu da dama, misali FIFA Master da aka fara a 2000, wanda ake yi tsakanin jami'o'i uku a Ingila da Italiya da Suwizalan. Amma in ka san kanka, ka san kwas ɗin kasuwancin barci za ka yi a ciki ka fito da sakamako mara kyau, kuma jadawalin na wasannin ya ci jarrabawar biron da na faɗa maka, to gara ka yi wanda za ka tashi da asuba ka karanta.

Kuma duk wanda ka zaɓa, kafin ka gama shekara ta biyu ka shirya gasa da hannunka, ko ta ajujuwa ce. Ka nemo wanda zai ɗauki nauyi, ka rubuta masa abin da zai samu, ka biya alkalan wasa, ka rubuta shige da fice har kuɗin ruwa, a ƙarshe ka zauna ka ga riba aka ci ko faɗuwa aka yi.

Batun Baba kuwa, kar ka tare shi da gardama ko labarin albashin 'yan wasa. Ka buga jadawalin kwas biyun a takarda, ka same shi lokacin da ya huta, ka ajiye masa su gefe da gefe ku ƙirga tare. In ka yi hakan ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare.